Giya a Tarihin Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Na san tun daga ganin kan wannan maƙala wani zai ɓata fuska, ya ce me ya haɗa mujallar ƙungiyarmu da zancen giya? To, kafin mai karatu ya juya shafi, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya ji mafarin maganar tukuna.

A hutun da ya wuce malaminmu na adabin baka ya ba kowannenmu aikin tattaro waƙoƙin gargajiya daga yankinsa. Ni sai na zaɓi waƙoƙin noma da na gayya. Neman su ne ya kai ni wani ɗan ƙauye na Maguzawa a kudancin ƙasar Katsina, inda wani ƙanen mahaifina ya daɗe yana sayen hatsi, shi ne ma ya yi mini jagora. Muka yi sa'a muka tarar ana bikin aure, ga shi kuwa kaka ce, an gama girbi, rumbuna sun cika.

A gindin wata tsamiya na ga an jera manyan tukwane guda bakwai, kowace daga gida dabam aka kawo ta gudummawa. Dattawa suna zaune a gefe. Sai a ɗebo daga tukunya ɗaya a cikin ƙoƙo a miƙa wa babbansu, ya kurɓa, ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi, har ƙoƙon ya zagaya. Ba wanda ya gaya musu, amma da sun ɗanɗana sai su faɗi gidan da ta fito. Wannan an yi garajen sauke ta daga wuta. Wannan tsironta bai sha rana sosai ba. Wannan kuwa da kaura aka yi ta, shi ya sa ta fi ja. Matan da suka dafa suna tsaye daga baya sun kasa kunne, kamar yadda mukan tsaya a bakin allon sanarwa ranar da aka kafa sakamakon jarrabawa.

Wata tsohuwa, wadda tukunyarta ce aka fi yabo, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai mai salla ne, ba ma ba ka wannan. Ga naka." Ta miƙo mini kunun zaƙi. Na durƙusa na karɓa, na ce, "Na gode, Iya." Da muka zauna hira ta bayyana mini aikin daga farko har ƙarshe, daga nan ta ce, "A cikin jikokina mata babu wadda ta iya. Waɗansu sun bi salla, waɗansu sun bi coci, kowane ɓangare kuwa ya ce a bari. Ranar da na mutu sai dai a zuba wa awaki ruwa a tukunyar nan."

Da na komo makaranta na faɗa wa abokin kwanana cewa ina so in yi rubutu a kan wannan, sai ya ce, "Kai yanzu tarihin haram za ka rubuta?" Amsar da na ba shi ita zan ba mai karatu. Ni Musulmi ne, haramcin giya kuwa a bayyane yake a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, ba ni da ja a kansa. Amma sanin tarihin abu dabam, shan sa dabam. Hausawa kuma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan har za mu kira kanmu ɗaliban Hausa, to dole mu san Bahaushe da abin da ya riƙe da kuma abin da ya yar.

Yadda Ake Dafa Ta

Giyar gargajiya, wadda a bariki aka fi sani da burukutu, da dawa ake yin ta, wani lokaci a haɗa da gero. Da farko akan jiƙa dawar ta kwana a ruwa. Sai a tsame a baza ta a inuwa, a rufe da ganye ko tabarma, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana uku zuwa biyar, sai ta tsira. Daga nan a shanya tsiron a rana ya bushe, a niƙa shi, a dama da ruwa, a dafa a manyan tukwane. A bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a sauke ya huce, sa'an nan a zuba ɗan ragowar tsohuwar giya a bar shi ya tashi kwana ɗaya ko biyu.

Masana kimiyya sun bayyana abin da ke faruwa a nan. Lokacin da ƙwayar hatsi take tsira, takan fitar da waɗansu sinadarai masu juya sitacin da ke cikinta ya koma sukari. Ragowar tsohuwar giyar kuwa tana ɗauke da yis, irin wanda ke tayar da ƙullin burodi, shi ne ke cinye sukarin ya mai da shi abin sa maye. Iyayenmu mata masu kunun zaƙi sun san rabin wannan ilmi, domin waɗansunsu sukan zuba tsiron hatsi ko dankali don kunun ya yi zaƙi. Bambancin shi ne su ba sa bari ya tashi.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe, domin a kansa sauran tarihin ya rataya: giyar dawa ba ta ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki sai tsami ya cinye ta. Saboda haka ba a yi mata fatauci kamar goro ko gishiri, ba a kuma tara ta kamar hatsi. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta, kuma sai da dalili ake dafa ta, tunda tana cin dawa da itace da kusan mako guda na wahala.

Kafin Musulunci Ya Kafu

Tsohuwar shaidar da muke da ita tana cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A farkon littafin, inda ake ba da labarin Barbushe, mai kula da Tsumburbura a Dutsen Dala, an lissafa manyan mutanensa da sana'ar kowa. An ambaci Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da Maguji mai haƙar tama, a tsakaninsu kuma ga Bugazau mai dafa giya. Ko da mun ɗauki wannan a matsayin kunne ya girmi kaka, ya nuna mana cewa waɗanda suka adana labarin sun tuna zamanin da mai dafa giya yake zama sahu ɗaya da maƙeri da mai magani.

Abin da ya rage na wannan rayuwa a wurin Maguzawa ake ganinsa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, da Jerome Barkow a ƙasar Zazzau, da Murray Last a ƙasar Malumfashi, duk sun yi nazarin zamansu. A wurinsu giya tana tafiya da manyan al'amura: gayya, da aure, da mutuwa, da sha'anin tsafi. Manomin da ya kira gayya da tuwo da giya yake sallamar waɗanda suka taya shi. Sana'ar kuma ta mata ce. Bamagujiya tana noma gayaunarta, tana da rumbunta, abin da ta samu daga sayar da giya kuwa nata ne.

Ba na cewa babu ɓarna a ciki. Dattawan da na zauna da su da bakinsu suka gaya mini sun san magidantan da suka shanye rumbunsu kafin damina ta faɗi, da bukukuwan da aka tashi da rotse. Abin da nake cewa shi ne a wancan zamani shan yana da lokaci, yana da dalili, a gaban manya ake yinsa, girman rumbu kuma shi ne iyakarsa.

Musulunci da Jihadi

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci daga Mali. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Tun daga nan addini ya yi ta kafuwa a birane, amma ba rana ɗaya aka bar tsofaffin al'adu ba. Shekara ɗari uku bayan Rumfa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙi, a ciki har da ci da shan abin da suka ga dama ba tare da kula da halal ko haram ba.

Jihadin da aka fara a 1804 shi ya kori giya daga fada da kasuwannin birni. Amma shugabannin Daular Sakkwato ba su tilasta wa Maguzawa musulunta ba, sai suka aza musu jiziya suka bar su da al'adunsu. Ta haka giya ta zama alamar da ke raba Hausawa biyu masu harshe ɗaya da kakanni ɗaya. Bamaguje in zai musulunta, cikin abubuwan farko da ake ganin ya bari akwai ƙoƙon giya. Wannan ne ya sa tsohuwar nan ba ta tsaya tambayata ba, da ganin hulata ta san abin da za ta miƙo mini.

Zamanin Turawa

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasal ta ƙasar Beljiyam, wadda a cikinta aka amince a hana shigar da barasa mai zafi, irin su jin da wuski, yankunan Afirka da ba su riga sun saba da ita ba. Da Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, sai Arewa ta zauna cikin yankin hani. A Kudu kuwa kuɗin kwastan na barasa yana cikin manyan hanyoyin samun gwamnatin mulkin mallaka. Su kansu Turawan da ke aiki a Arewa hanin bai hau kansu ba.

A kan takarda dai an kare Arewa. Amma abubuwan da Turawan suka kawo su suka warware dokar tasu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, aka buɗe ma'adinan kuza a Jos, aka gina barikokin soja. Nan da nan aka tara dubban samari, nesa da iyayensu, da albashi a aljihu. Aka riƙa satar shigo da kwalabe ta jirgi, mata masu burukutu kuma suka kafa tukwanensu a gefen bariki da sansanin lebura. Wani masanin tarihi, Simon Heap, ya yi rubutu a 1998 yana nuna yadda hanin ya zama abin dariya a wurin mutanen zamanin.

A ganina nan ne babban juyin ya auku. Giya ta bar gona ta koma bariki. Da sai an yi girbi ko an yi biki, yanzu kullum tana nan muddin akwai kuɗi. Da a gaban dattawa ake sha, yanzu a inda babu wanda ya san uban wani. Masu shan kuma ba Maguzawa kaɗai ba ne, har da 'ya'yan masu salla. Adabinmu ya kama wannan. Marigayi Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya yana yi wa 'yan'uwansa Musulmi gargaɗi, shi kuwa Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi tasa waƙar ta A Sha Ruwa wadda ta tsaya a ɗaya gefen. Ashe dai gardamar ta shigo har tsakar gida. Shi ya sa da aka tsara dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, aka sa sashe na musamman mai hukunta Musulmin da ya sha giya.

Zuwan Kwalba

An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Ikko a 1949, a 1963 kuma kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Guinness ya kafa tasa a Ikeja a 1962, ita ce ta farko da ya gina a wajen Ingila da Ayalan. Giyar kwalba tana da abin da ta tukunya ba ta da shi: tana yin watanni ba ta lalace ba, mota tana kai ta ko'ina, ɗanɗanonta kuma ɗaya ne daga Ikko har Maiduguri. Ɗan boko ya ɗauke ta alamar wayewa, ya bar wa talaka burukutu.

A lokaci guda kuma masu tukunyar suna raguwa. Rangadin musuluntarwa na Sardauna, Sir Ahmadu Bello, a shekarun 1960 ya jawo mutane da yawa, waɗansu Maguzawan kuma suka shiga addinin Kirista ta hannun coci-cocin da su ma suke hana sha. Wannan shi ne abin da tsohuwar nan ta taƙaita mini a jimla ɗaya.

Wani abin mamaki ya faru a 1988. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi kamfanoni suke yin giya, don a rage kashe kuɗin waje. Dole ta sa suka koma ga dawa da masara, har yau kuwa dawa tana cikin abin da suke aiki da shi. Watau hatsin nan da aka raina a tukunyar Bamagujiya, shi ne ake lodi daga kasuwannin Arewa a kai masana'anta, ya komo a cikin kwalba. Daga baya, a watan Oktoba na 1999, Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, jihohi goma sha ɗaya suka bi ta, aka rufe mashaya da yawa, a Kano ma Hisba takan farfasa kwalabe a bainar jama'a.

Bikin Ɗanɗano a Ƙasashen Turawa

Da na koma laburare ina neman abin da zan kwatanta zaman dattawan nan da shi, sai na tarar Turawa ma suna da irinsa, sun kuma bi hanya mai kama da tamu. A Ingila ta da, mata ne suke dafa giya a gida suna sayarwa, har sana'ar ta girma maza da jari suka karɓe ta. Kafin 1970 manyan kamfanoni shida sun haɗiye yawancin ƙanana, ko'ina ka je abu ɗaya ake sha. A 1971 waɗansu samari huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiyarsu, makamin da suka fi aiki da shi kuwa shi ne biki. A 1974 aka fara na garin Kambirij, wanda yake na yanki ne, a 1977 aka fara na ƙasa baki ɗaya a London. Akan jera ganguna daga ƙananan masu dafawa, kowa ya riƙe kofinsa yana bi yana ɗanɗanawa kaɗan-kaɗan, alƙalai kuma su zaɓi wadda ta fi.

A Amurka, wajen 1980 masana'antun giya ba su kai 100 ba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida, a 1982 kuma aka yi babban bikin ɗanɗano na farko a garin Boulder ta Jihar Kolorado. Cikin shekara 40 masana'antun suka haura 9,000, mafi yawansu ƙanana. Wannan yayi ya iso Nijeriya, har a 2017 aka kafa wani ƙaramin kamfani irin wannan a Abuja da sunan Hausa, watau Bature.

Mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, abin da ake yi a Kambirij da tikiti da kofin gilashi, shi ne na gani a gindin tsamiya da ƙoƙo: mutane masu harshen da ya san hannun kowace mai dafawa. Na biyu, su Turawa da suka ga sana'ar za ta ɓace sun rubuta komai nata, sunayen kayan aiki da hanyoyin yi da tarihin gidajen. Mu kuwa kunya ta sa mun kau da kai.

Kammalawa

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kira nake yi a kafa bikin giya a Kano ko Katsina ba, ba na kuma baƙin cikin jikokin tsohuwar nan sun bi salla. Al'ummarmu ta zaɓi hanyarta tun ƙarnuka da suka wuce, ni ma a kanta nake. Amma tarihin nan ya koya mini cewa abin da ya ƙare shi ne tukunya da ilmin da ke tattare da ita, shaye-shaye kuwa bai ƙare ba, kama kawai ya sake. Duk wanda ya san halin da samarin unguwanninmu suke ciki da ƙwayoyi da maganin tari ya san haka. Mai son ya yi maganin wannan cuta ya kamata ya san lokacin da ta canja, da abin da ya canja ta, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Sa'an nan akwai hakkin harshe a kanmu. A yini ɗaya na ji kalmomi a bakin matan nan waɗanda ban taɓa ji a aji ba, na kuma ɗauko waƙoƙin gayya waɗanda ba za a gane ma'anarsu ba sai an san abin da ke cikin tukunyar da aka ajiye a bakin gona. Bargery ya tattara abin da ya iya a ƙamusunsa na 1934, saura kuwa yana bakin tsofaffi, su ko kullum tafiya suke yi. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman na ƙasashen Katsina da Kano da Zazzau, idan aka yi hutu kowa ya ɗauki littafi da rikoda ya je ya gaida maƙwabtan nan namu. Ba wanda zai tilasta masa shan abin da ba ya sha. Ni dai kunun zaƙi aka ba ni, cikin mutunci, kuma na yi wa Iya alkawarin komawa hutu mai zuwa in Allah Ya kai mu, don akwai waƙoƙi biyu da ta ce sai ta tuno ƙarshensu.

Allah Ya sa mu dace, amin.